Ƙyaure na Ƙarshe a Birnin Turke

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai auna ta da igiya ba, ya ɗaga sama bai kafa mata turke ba, ya ba hanya nisa, ya ba matafiyi ƙafa, ya ba mai labari baki, ya kuma ba mai sauraro haƙuri. Bayan haka, ni ne Nomau mai tufka, ɗan mai tufka, jikan wani mutum da ake cewa shi ma mai tufka ne, ko da yake kakata ta rantse ba ta taɓa ganin ya tufka komai ba sai zance. Wanda ya ga dama ya gaskata abin da zan faɗa. Wanda bai ga dama ba, hanya na nan, tafiyar shekara goma sha ɗaya ce kacal, ya je ya gano wa idonsa.

Sana'ata igiya. Rama, kaba, ɓawon kuka, duk abin da ke da zare a jikinsa, in na ɗora shi a cinya na murza sai ya zama igiya. Murzar kuwa iri biyu ce. In ka tura tafin hannu gaba, ka yi tufkar dama, wadda duk duniya ke yi. In ka jawo shi baya, ka yi tufkar hagu. Kowacce igiya ce mai kyau in tana ita kaɗai. Amma ranar da na haɗa hagu da dama na ɗaura wa guga, tun ina sabon shiga, ana fara ja sai kowacce ta kama warware 'yar'uwarta, guga ya tafi ƙasan rijiya bai ko yi sallama ba. Mahaifina bai yi dogon bayani ba. Kunnena na hagu ya kama ya murza, har yau in hadari ya haɗu yana tuna mini.

Abu guda ne ya hana ni sakat a sana'ar nan: duk igiyar da na tufka, komai kyanta, ranarta na zuwa ta tsinke. Sai wani falke ya ce mini a can bayan Tekun Toka akwai birnin da ke da igiya mai shekara ɗari uku, ba ta taɓa tsinkewa ba. Ya faɗi abinsa ya wuce. Ni kuwa, da yake ba ni da wanda zai riƙe mini riga ya ce kada in tafi, na ɗaura wa jakina kaya.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da na gani ba. Na ƙetare Tekun Toka, inda ake tuƙa kwalekwale da tsintsiya. Na isa wani kogi da ba ya barin mutum ya haye sai ya faɗa masa ƙaryar da bai taɓa ji ba. Na tarar da wani alƙali a bakinsa ya shekara biyu yana zaune. Ni ko buɗe bakina ke da wuya ruwan ya dare biyu, har ya ɗan ja da baya don girmamawa. A shekara ta shida jakina ya ga wani ayari mai jakai da yawa, ya dube ni, ya dube su, ya bi su. Ban riƙe shi a zuci ba. Da ni ne shi, haka zan yi.

Daga nan na shiga wani kwari mai amsa kuwwa, amma amsarsa sai bayan kwana uku take zuwa. Da shigata na yi sallama, shiru. Kwana uku ina tafe ba tsuntsu ba ƙadangare, sai na ji murya daga duwatsu ta ce, "Salamu alaikum." Na amsa da murna, na tambayi gida da iyali, na ma fara kwance guzurina don mu ci tare, kafin na gane muryata ce. Na zauna na ci ni kaɗai.

Da na fito daga kwarin na ga wata hanya shimfiɗaɗɗiya, an share ta fes, ga rumfuna, ga randunan ruwan sanyi, ba kowa a kanta. Tafiya ta koya mini tsoron hanyar da ta cika kyau, don haka na ratse daji. Shi ya sa ban shiga Birnin Turke ta ƙofar gari ba. Ta baya na ɓullo, da hantsi, daidai wani gida da ke can gefe shi kaɗai, wani tsoho na zaune a ƙofarsa yana wasa gizago.

Na yi sallama. Ya amsa nan take, ba sai bayan kwana uku ba. Ya dubi ƙafafuna ya ce, "Baƙo, ka ci abinci?"

Shekara biyar rabon da wani ya yi mini wannan tambaya. Na ce na ci. Ya ce, "Ƙarya kake, shigo."

Sunansa Baba Shekarau, masassaƙi ne, ƙyamare yake yi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna cikin gari. Ya ba ni tuwon dawa da miyar kuka, ya kuma rufe ƙyauren zauren bayan mun shiga, wani ƙyaure na maɗaci mai kauri, mai ƙara idan ana tura shi. Ya ce, "Dube shi da kyau. Shi ne na ƙarshe a garin nan."

Da la'asar ya hau da ni kan soro ya nuna mini birnin. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Ba gidan da ke da ƙyaure, ko ɗaya. Wata doguwar igiya ta fito daga tsakiyar gari, ta bi lungu, ta shiga wannan gida ta fita ta wancan, ta ratsa madafi, ta ratsa ɗaki, ta zagaye bayan gida. Ga wasu mutane masu jar hula suna yawo, kowanne hannunsa na hagu a kan igiyar, ba ya saki.

Baba Shekarau ya ce, "'Yan riƙo ke nan, ma'aikatan Mai Turke. Bari in gaya maka asalin abin. Kakanninmu gudowa suka yi daga wani sarki da ke shiga duk inda ya so. Da suka kafa garin nan suka ce ba a zama ba shugaba: dole a sami mai raba gardama, mai tsare rijiya, mai duba mudu a kasuwa. Amma za mu ɗaure shi. Suka kafa turke a tsakiyar gari, suka kitsa igiyar fata kamu ɗari, ta kai rijiya, ta kai kasuwa, ta kai inuwar shari'a. Mai Turke da mutanensa ba sa ba da umarni sai da igiyar a hannu. Inda ba ta kai ba, shi ma mutum ne kamar kowa, sai ya yi sallama ya jira."

Na ce, "Baba, wannan da nake gani ai ta fi kamu dubu."

"Ta fi. Kakanninmu sun ce ba mai ƙara mata tsawo sai baƙo, ɗan gari kuma haramun ne ya koyi tufka. Akuyoyinmu ma da tsumma muke ɗaure su. A tunaninsu wa zai zo nan? Amma baƙi sukan zo. Wata shekara kura ta ɗauki akuya, aka ce igiya ta kai garke. Wata shekara gobara ta tashi, aka ce ta kai madafi. Wani ya ci miya ya yi rashin lafiya, yanzu ɗan riƙo ke ɗanɗana miyar kowa. Wani ya daki matarsa, aka ce ta shiga ɗaki. Igiya ba ta shiga in ƙyaure na rufe, sai aka cire ƙyamaren, suna can jibge a gidan Mai Turke. Kuma kada ka ce ƙwace aka yi. Kowane kamu mu muka roƙa, da bakinmu. Ni ma na ɗaga hannu ranar gobara."

"Naka gidan fa?"

"Saura kamu arba'in. Baƙon ƙarshe ramarsa ta ƙare a can wajen tsamiya, kafin a samo wata ya rasu. Shekara bakwai ke nan suna jiran wani. Ka ga hanyar da suka share?" Ya juyo ya dube ni. "Kai mece ce sana'arka?"

Na ce, "Wanzami."

Ya dubi cinyata ta dama inda wando ya yage, ba gashi ko ɗaya, tana ƙyalli kamar bayan ƙwarya. Ya ce, "To, wanzami. Ka riƙa rufe cinyar nan."

Na yi wata biyu a gidan. Ina tura masa itace yana sassaƙa ƙyamaren da ba mai saye, yana jingine su a bayan ɗaki. A nan na ga amfanin zauren. Kullum da rana mutanen gari kan zo ɗaya bayan ɗaya, su ce sun zo gyaran turmi, su shiga, a rufe. Wani ya yi kuka. Wani ya yi waƙar da aka hana don ta cika ƙara. Wani ya kwanta rub da ciki kawai, don a cikin gari an ce kwanciyar ba ta da kyau ga hanta. Baba Shekarau kan zauna a waje yana wasa gizago, ba ya tambayar kowa komai.

Wadda ta fi zuwa ita ce Tabawa mai daddawa, wata mata mai murya kamar ana fasa dutse. Tana shiga sai ta fara: "Allah ya isa tsakanina da Gagarau! Shekara talatin ina miya, yau ɗan da na goya zai tsoma mini yatsa a tukunya ya ce gishiri ya yi yawa? Uwarsa ma a wajena ta koyi kaɗa kuka!" Ta yi ta yi har ta huce, ta fito tana gyara ɗankwali ta ce, "Baba, turmin ya gyaru." Gagarau shi ne Sarkin Riƙo, shugaban masu jar hula.

Ita ce ta jawo mini, ko in ce hannuna ne. Wata rana ta zo tana mita tsumman guganta ya tsinke. Ga kaba a tsakar gida, ga cinya, ga hannun da ya yi wata biyu yana ƙaiƙayi. Kafin in tuna ni wanzami ne na tufka mata igiya gaba shida. Ta yi ta sa mini albarka, ta ɗauka ta tafi da ita rijiya, tsakiyar gari, gaban kowa.

Washegari da safe masu jar hula suka yi layi a wajen tsamiya, inda igiyarsu ta ƙare, Gagarau a gaba, wani ƙato mai ƙaramin kai. Ba su iya ƙarasowa ba, sai kira: "Baƙo! Mai Turke na gaishe ka, yana son ganinka!"

Baba Shekarau ya ce, "Ga ƙofar baya, ga daji. Ba mai iya bin ka."

Na ce, "In na tafi fa?"

"Wani zai zo. Ko bana, ko baɗi."

Gaskiya kuma, tun da na yi alkawarin faɗin gaskiya a wasu wuraren, ina son in ga igiyar nan kusa. Shekara goma sha ɗaya na yi dominta. Na tafi wajen tsamiya.

Na zaci zan tarar da azzalumi mai jajayen idanu. Mai Turke Arzika wani siririn dattijo ne mai sanyin murya, idanunsa sun faɗa don rashin hutu, yana zaune jikin turken da igiyar fata a cinyarsa. Ya tashi da kansa ya ba ni ruwa.

Ya ce, "Malam Nomau, ban taɓa ƙara kamu ɗaya don kaina ba. Mutanen nan 'ya'yana ne. Na san wanda ya yi tari jiya, na san wadda ba ta ci abinci ba. Gida ɗaya ne ban sani ba. Suna shiga su rufe. In wani kuka yake yi a ciki fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in kuma dariya yake fa?"

"To me zai hana ya yi ta a gabana?"

Gagarau ya sa baki: "Zagi ake yi, ranka ya daɗe. Ranar da igiya ta kai, ƙyauren zai zo nan, tsohon ma zai zo nan, ya lissafa mana masu gyaran turmi ɗaya bayan ɗaya da abin da kowa ya ce."

Mai Turke ya ce, "A hankali, Gagarau. Tambayarsa kawai za a yi." Ya juyo gare ni. "Kamu arba'in. In ka gama ka zama ɗan gari. Gida, maƙwabta, wurin zama a inuwa. Kullum za a tambaye ka ko ka ci abinci."

Kada ku ce bai taɓa ni ba. Mutumin da ya taɓa gaisawa da muryarsa a cikin kwari ya san nauyin wannan magana. Na ce a bar ni in duba igiyar tukuna, don ba a ƙara wa abu sai an san halinsa.

Na yi yini biyu ina bin ta. Kamu ɗarin farko fata ce, kitso aka yi mata irin na gashin mata, ba tufka ba, ta yi baƙi tana sheƙi, ba ko tsaga. Daga nan sai aikin baƙi: rama, kaba, rama, wani gwani, wani ɗan koyo, wani ma da gani ka san barci yake ji. Na bi da yatsa tun daga kasuwa har tsamiya. Duka tufkar dama ce. Kunnena na hagu ya fara zafi, alhali ba hadari.

Na ce wa Gagarau, "Sarkin Riƙo, a cikinku akwai wanda ya san tufka, ya taya ni?"

Ya ce, "A'uzubillahi! Mu 'yan halak ne. Ko kallo ba ma yi."

Na ce, "Madalla da tarbiyya."

Saura awo. Na ɗauki sanda na tafi daga tsamiya zuwa ƙofar Baba Shekarau ina aunawa, Gagarau na tsaye riƙe da bakin igiya yana kallo, kunnensa a buɗe. Tsohon na zaune a wurin da na fara ganinsa. Bai ɗago ba sai da sandata ta taɓa dokin ƙofarsa.

Ya ce, "Wanzami, aski ka zo yi?"

Na ce, "Aiki aka ba ni, Baba."

"Tuwon ne ya yi maka kaɗan, ko miyar?"

Ga magana a bakina, ga Gagarau a bayana. Na ce, "Arba'in cif," da ƙarfi, don a ji a tsamiya. Baba Shekarau ya tattara gizagonsa ya shiga, ƙyauren ya yi ƙararsa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ran nan ba, ko a kwarin amsa kuwwa.

Kwana tara na yi ina tufka a wani ɗaki marar ƙyaure a gidan Mai Turke. Masu jar hula na kawo rama suna kau da kai kada su ga haram. Ina ɗora zare a cinya ina jawo hannu baya, baya, baya. Na murɗa ta tam, fiye da duk igiyar da na taɓa yi. Kuma na yi ta kamu talatin da tara, ba arba'in ba. Ba wanda ya zo hira. Tabawa ta wuce sau ɗaya, ta leƙo ta tofar da yawu, ta ce, "Da na sani da tsummana na zauna."

Ranar goma da hantsi aka yi shela, gari ya fito. Na haɗa sabuwa da tsohuwa a gindin tsamiya, haɗin da ko giwa ba ta raba shi. Gagarau ya kama bakin igiya ya nufi gidan yana taku ɗai-ɗai, Mai Turke na biye, jama'a na baya shiru kamar masu rakiyar gawa. Baba Shekarau na tsaye ya jingina da ƙyaurensa. Saura kamu ɗaya Gagarau ya taɓa dokin ƙofa, igiya ta tsaya. Ya miƙa hannu, yatsunsa na lilo a iska.

"Baƙo! Ta gaza!"

Na ce, "Sabuwa ce, Sarkin Riƙo, ba ta saki jiki ba. Ja take so. Ku kira duk mutanenku su kama sabuwar. Amma kada kowa ya taɓa tsohuwar, ta tsufa, kada hannu ya ji mata."

Aka kira su daga madafai da ɗakuna da bayan gidaje, mutum ɗari biyu. Karo na farko a shekaru masu yawa ba hannu ko ɗaya a kan tsohuwar igiya. Suka jeru a kan tawa. Gagarau ya ba da murya, suka ja. Ta ƙaru da taƙi ɗaya. Ya ce, "Ku ƙara!" Suka ja. Mai Turke da kansa ya naɗe hannun riga ya kama.

Ni ina kallon gindin tsamiya. Haɗin ya motsa, ya juya sau ɗaya a hankali kamar mai juyi a barci. Ya sake juyawa. Sai ya kama katantanwa.

Gagarau ya ji igiya na tahowa da sauƙi ya yi ihu, "Tana zuwa! Ku ja!" Tana zuwa kam. Tawa na warware tasu, tasu na warware tawa. Warwarar ta bar tsamiya ta shiga gari da gudu tana wani kuka fiii, ta bi lungu, ta faɗa gidan farko ta fita ta na biyu, ta ratsa madafi ta kifar da tukunya, ta ratsa ɗakuna, aikin baƙi na shekara ɗari uku yana tashi sama buzu-buzu. Rama ta rufe rana. Kaji suka hau bishiya. Masu jar hula ɗari biyu suka zube a kan juna, Mai Turke a ƙasa. Can daga tsakiyar gari muka ji ƙarar ta tsaya cak: ta isa fata, kitso kuwa ba ya warwaruwa da juyi.

Gagarau ya miƙe, rama a gemu, rama a hanci. Ya nuna ni: "Ku kama shi!"

Ba wanda ya motsa. Kowane mai jar hula na duban hannunsa na hagu, ba komai ciki sai ɗan ɓawon rama. Tun da aka haife su ba su taɓa ganin an kama mutum hannu wofi ba.

Tabawa ta ratso jama'a ta riƙe ƙugu. "Da wace igiyar, Gagarau? Igiyarka na can bakin kasuwa. Nan kai ɗan Kande ne, wanda na goya yana mini fitsari a zane. Gaishe ni!"

Wallahi ya gaishe ta.

Mai Turke ya zauna a ƙasa yana cire rama daga rawaninsa. Ya ce, "Malam Nomau, me na yi maka?"

Na ce, "Ba komai sai alheri, ranka ya daɗe. Ni tufka na yi. Ja kuwa, ku kuka yi."

Ya dubi ƙyauren, idonsa ya kawo ruwa. "Yanzu in wani na kuka a ciki, ya zan sani?"

Baba Shekarau ya ce, "Sai ka yi sallama, Arzika, yadda kakanka ke yi. In an ce ka shigo, ka shiga. Tashi, ƙasa da sanyi. Ka ci abinci?"

Kafin azahar mutane sun fara ɗebo ƙyamarensu a ka daga gidan Mai Turke, ana gardamar wanne ne na wa. Ba kowa ya yi murna ba. Na ji wani na cewa yanzu wa zai gaya masa ko miyarsa ta yi. Ni kuwa ina zaure, Baba Shekarau ya ajiye mini tuwo, malmala biyu, bai ce komai a kan maganar wancan yini ba, ni ma ban ce ba.

Na ce, "Baba, igiyar fatar nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina neman sirrinta. Me aka shafa mata?"

"Ba a shafa mata komai ba. Gajera ce, kuma ba a jan ta."

Na yi ta kallon miya. Can na ce, "Aikin ƙyaure zai yi yawa yanzu. Za ka so mai tura maka itace."

Ya gyara zama. Sa'an nan ya ce, "Zan so. Amma muddin kana nan, cinyarka na nan. Yau ka yi hagu. Baɗi kura za ta ɗauki akuyar wani, ko gobara ta tashi, mu da kanmu za mu zo ƙofar nan muna kuka muna roƙonka kamu goma kawai. Wataƙila da ni a ciki. Kai kuma ga taushin zuciya, ka tufka wa Tabawa igiyar guga ba ta ko tambaye ka ba."

"In na rantse fa?"

"Kai da kogi ya dare wa?"

Na cinye tuwon, don baƙin ciki bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Ya ɗaure mini ƙuli-ƙuli da daddawar da Tabawa ta aiko, ya raka ni har bakin ƙofar zaure. Ya riƙe hannuna ya ɗan jima.

Ya ce, "In ka gamu da mai tufka a hanya, ka ce masa garin nan annoba ake yi."

Na ce, "Zan ce masa har da kuturta."

Na fita. Daga cikin gari ana jin bugun guduma ta ko'ina, kowa na kafa nasa. Na yi taku goma, na ji ƙyauren ya yi doguwar ƙararsa a bayana, sa'an nan sakata ta faɗa. An rufe mini ƙofa a garuruwa da yawa, wasu da zagi, wasu da kare. Wannan ce kaɗai na tsaya na saurara har ƙarshe, na kuma ce Allah ya ƙara mata ƙarfi. Sai na saɓa jakata na nufi kwari, inda na san aƙalla bayan kwana uku za a amsa mini sallama.

Iyakar tsawon labarina ke nan, ban ƙara masa kamu ko ɗaya ba. Ku riƙe shi a hankali. Kada dai ku ja da ƙarfi, don ban gaya muku ta wane hannu na tufka shi ba.